Jiran Rumfa a Nassau

Tun da muka dawo ban huta ba. A coci a tare ni, a wurin aiki a tare ni, har a shagon kayan abincin gida da ke garinmu Largo, nan Amurka, ina zaɓen doya wata ta dafa ni ta ce, "Rifkatu, wai da gaske ne jirgi ya kusa tafiya ya bar ku?" Matan zumunta kuwa sun ce ba su yarda da guntu-guntu ba, sai in zauna in ba su labarin daga tushe. To ga shi na zauna. Wadda ta sake tambayata bayan wannan, zan ce ta je ta karanta.

Sai dai kafin jirgi dole in fara da Mama, don saboda ita aka yi tafiyar.

Mama ta zo Amurka ne wankan jego, lokacin da na haifi autana. Wata shida ta ce za ta yi. Wata shidan nan ne ya zama shekara uku, domin da muka ga ta zauna sai muka nema mata girin kad, katin izinin zama, ya kuma fito. A Kafanchan 'yar kasuwa ce tun kafin a haife ni. Tana sayar da faifai da kwando da tabarma da tsintsiya, wasu ma da hannunta take saƙawa, rumfarta na jingine da ta Hajiya Mairo mai daddawa da kuka. Da kuɗin faifan nan na yi makarantar nas. Matar da in ta yi dariya a layinsu sai an ji a mahauta, ita ce ta koma zaman bakin taga a gidanmu, tana kallon wurin ajiye motoci. Ni ina aiki a asibiti, mijina Baban Murna yana ofis, yara suna makaranta, in sun dawo ta yi musu Hausa su amsa da Turanci.

Bara ta fara cewa gida take so ta koma. Ni kuwa ba na so. Tana da hawan jini, a nan ina ganin shan maganinta da idona, kuma in ta daɗe a can, katin da muka sha wahala a kansa zai mutu. Ban da wannan duka, gaskiya ina son uwata kusa da ni.

Baban Murna ne ya kawo shawarar jirgin ruwa. Ya ce, "Zaman wuri ɗaya ne ya ishe ta. A kai ta ta ga teku, ta sha iska, ta ci abin da ba ita ta dafa ba, za ki ga ta manta da zancen Kafanchan." Mijina mutum ne da yake ganin babu damuwar da hutu ba ya magani. Na yarda da shi don ba ni da wata dabarar. Muka kai yara Upper Marlboro wurin ƙanwarsa, muka sayi tikiti uku na jirgin da ke tashi daga Baltimore zuwa tsibiran Bahamas.

Daga Largo zuwa Baltimore ba nisa, amma Mama ta yi shiri kamar mai zuwa Legas a motar dare. Da muka isa bakin ruwa ta duba dama ta duba hagu ta ce, "To ina jirgin?" Na nuna mata. Ta ɗaga kai har ɗankwalinta ya kusa faɗuwa, ta ce, "Wannan ai unguwa ce. Wa zai tura ta?"

A wurin duba takardu, wani matashin jami'i ya karɓi fasfonta da katinta. Mama ta ɗan rusuna ta gaishe shi da Turancinta na kasuwa, ta tambayi aiki, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya. Duk ya haɗa ya amsa da kalma ɗaya, bai ko ɗago ba. Muna wucewa ta raɗa mini, "Yaron nan lafiyarsa kuwa?" A wurin binciken kaya kuma aka buɗe jakarta. Ga yaji a kwalbar man gyaɗa, ga ƙuli-ƙuli, ga garin kwaki, ga dutsen guga. Yajin ya wuce bayan mai binciken ya sansana ya yi atishawa. Dutsen gugan ne suka riƙe, wai gudun gobara, sai mun dawo. Mama ba ta yi musu ba. Muna shiga ɗaki ta ninke zannuwanta ta shimfiɗa su ƙarƙashin katifa, ta ce kafin a ƙirƙiro dutsen guga ai da mutane.

Ɗakinta ɗan ƙarami ne, kusa da namu. Akwai wani bawan Allah ɗan Filifin mai gyaran ɗakuna, kullum sai ya naɗe tawul ya yi siffar giwa ko biri ya ajiye a kan gado. Kullum Mama sai ta warware ta rataye, ta ce tawul ba abin wasa ba ne. Kuma kafin ya zo ta riga ta gyara gado ta goge banɗaki, wai kada ya ce ba ta da tarbiyya. Mutumin nan zai shigo da kayan aikinsa ya tsaya tsakiyar ɗaki ya rasa abin yi. Kwana biyu sai ga shi yana ce mata Mama, ita kuma tana ɗura masa ƙuli-ƙuli a aljihu.

Abinci kuwa ba a magana. Kowa ya ɗiba da kansa, safe da rana da yamma, ba mai ce maka ya isa. Abin da ya dami Mama shi ne yadda ake cika faranti a ci loma uku a tashi. Ita shinkafa da kaza kawai take ɗauka ta barbaɗe da yajinta. Wani dattijon Bature da muke haɗa tebur da shi ya roƙi a ɗanɗana masa. Na gargaɗe shi, bai ji ba. Ya yi tari har matarsa ta tashi tana bubbuga bayansa, kuma washegari sai ga shi ya miƙo faranti a ƙara. A saman jirgi kuma muka tarar da mutane kwance reras cikin rana, ba wani suturar kirki. Mama ta dube su ta ce, "Mu muna gudun rana, su sun biya kuɗi an shanya su kamar barkono."

Duk wannan ina dariya, amma ina lura. Da an gama cin abinci sai ta koma ɗaki ta zauna bakin taga. Tagar ce kawai ta canja, da motoci take kallo, yanzu ruwa. Raina ya fara ɓaci, na ce wa Baban Murna kuɗinmu dai ya tafi a banza. Ya ce in bari mu sauka ƙasa tukuna.

Wata safiya muka wayi gari a Nassau, babban birnin Bahamas. Kafin a buɗe ƙofa aka yi ta sanarwa cewa kowa ya dawo kafin la'asar, jirgi ba ya jiran kowa. Muka fita da katin jirgi kawai. Fasfo da girin kad ɗin Mama da maganinta duk muka bar su a ɗan akwatin ƙarfen da ke ɗaki, don kada su ɓata.

Muna taka ƙasa zafi ya rungume mu, irin na gida kafin saukar ruwan fari. Ga baƙaƙen fata ko'ina, ɗan sanda baƙi, mai tasi baƙi, mai banki baƙi. Mama ta yi ta ce wa mutane sannu da Hausa, tana mamakin da ba su amsa ba. Ta ce wata mai kitso a bakin hanya sak wata ƙawarta ta Kagoro. Motoci suna bin hannun hagu, Baban Murna ya duba ɓangaren da ya saba ya sa ƙafa a titi, sai da na fizgo rigarsa. Mama ta ce ita wannan bai dame ta ba, tana yarinya haka ake tuƙi a Najeriya. Abin da ya tsayar da ita shi ne dokin da ke jan keken 'yan yawon buɗe ido, an sa masa malafa an huda wa kunnuwansa hanya. Ba dokin take kallo ba, saƙar malafar take kallo.

Kasuwar masu saƙa ba ta da nisa da bakin ruwa. Babban zaure ne mai layuka matsattsu, kaya tun daga ƙasa har sama: jakunkuna, kwanduna, malafa, mafici, duk na wani ganye mai kama da kabarmu. A baya kuma masassaƙa suna ta ƙwanƙwasa itace suna fitar da kifi da kunkuru. Mata suna kira ta ko'ina, "Kyakkyawa, zo ki duba, kallo kyauta ne." Muna shiga na ga tafiyar Mama ta canja. Matar da nake riƙe wa hannu a lif ita ce ta shige gaba muna bin ta. Ta ɗauki kwando ta kifa shi ta duba gindinsa, ta sansana, ta ja bakinsa. Da ta ji wata mata ta faɗi kuɗi, mai saye ya taya, mai kaya ta dafe ƙirji kamar an zage ta sannan ta rage, sai Mama ta juyo ta ce da ni, "Ashe har yanzu akwai kasuwa a duniya." Shekara uku tana sayayya a inda kuɗi ke manne jikin kaya, ba mai ce maka kawo nawa.

A ƙarshen wani layi muka tarar da wata mata mai jiki, sa'ar Mama, da tabarau rataye a wuya, tana saƙa wata doguwar igiyar kaba mai faɗi a cinyarta. Sunanta Mis Dora. Mama ba ta iya wuce mai aikin hannu ba ta yi masa sannu ba, ta tsaya ta gaishe ta, ta kuma ƙi tafiya. Mis Dora ta dube ta, ta jawo wata 'yar kujera da ƙafa. Su a can sai sun saƙa doguwar igiya sannan su ɗinke ta ta zama jaka ko malafa, mu kuwa faifai naɗa shi ake yi tun daga cibiya. Mama ta zuba wa yatsun Mis Dora ido na ɗan lokaci, sannan ta miƙa hannu. Ta ɓata sau ɗaya, Mis Dora ta ɗan mari bayan hannunta, suka kwashe da dariya. Daga nan hira ta ɓarke, ɗaya da Turancin tsibiri, ɗaya da Hausa da Turancin kasuwa. Ni da nake jin duka biyun na san ba magana ɗaya suke yi ba, amma kowacce tana dariya a inda ya dace.

Mama ta ce, "Ku je ku yi yawonku, ku biyo ta nan ku ɗauke ni."

Baban Murna ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ce, "Ban gaya miki ba?"

Muka tafi da farin ciki. Muka yi tsaraba, muka ci shinkafa da wake da soyayyen kifi wanda ba shi da maraba da na gida sai rashin manja. Akwai wani dodon koɗi na teku da suke ji da shi, a yanka shi ɗanye a matsa lemun tsami. Ni na ce na gode. Baban Murna ya cinye kwano guda don a ce ya waye, cikinsa kuma ya ba shi amsa washegari.

Da rana ta karkata muka koma ɗaukar Mama. Tun daga nesa na hango ta a kan kujerar mai rumfa, ta sake ɗaurin ɗankwali, ta ci ɗamara da gyalenta, tana gwada wa wani Bature malafa. An sake jera kayan, manyan kwanduna a baya, ƙanana a gaba, yadda take yi a Kafanchan. Mis Dora ba ta nan.

Matar rumfar kusa ce ta yi mana bayani. An zo an gaya wa Mis Dora jikarta ta faɗo a makaranta an kai ta asibiti. Ta zabura, ta ce wa Mama ta duba mata kaya yanzu za ta dawo, ta fita da gudu. Matar ta ce, "Ku tafi abinku, ni zan duba. Kullum haka muke yi. Ruɗewa ce ta sa ta faɗa wa mamanku."

Na ce, "To Mama, kin ji. Tashi mu tafi, lokaci ya yi."

Ta ce, "Ba ita aka bar wa ba. Ni aka bar wa."

Na ɗauka wasa take yi. Na ce matar nan maƙwabciyar Mis Dora ce, sun fi mu sanin juna. Mama ta gyara zaman wani mafici ta ce, "Rifkatu, tun kina goye a bayana kike ganin yadda ake yi. In Hajiya Mairo za ta yi salla, wa take bar wa rumfa? In zan tafi jana'iza, wa nake bar wa? Kin taɓa ganin ɗayarmu ta miƙa wa wata ta uku ta yi tafiyarta? Hannun da ya ba ka, shi kake mayar wa."

Sai jirgi ya saki hon, har cikin cikina na ji shi. Maƙwabciyar ta ce bari ta kira Mis Dora a waya ta sallami Mama da bakinta. Mama ta ce in dai ta ji muryarta, ta yarda. Aka buga. Sai ga wayar Mis Dora tana kuka a cikin wani kwando, a gefen ƙafar Mama.

Baban Murna ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, jirgin nan ba ya jira."

Ta ce, "Ku je, ɗana. Ni in ta dawo zan biyo ku."

Ta teku za ta biyo mu, ko ta ina, ban sani ba. Ya dube ni, na dube shi, ya kwashi tsarabarmu ya ruga bakin ruwa ya ga ko zai iya roƙon su. Ni kuwa na yi lallashi, na yi faɗa, na lissafa mata fasfo da kati da magani da ke cikin jirgi, na ce ranar Litinin ina da aiki. Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji haushinta. Ita ko a jikinta. Ta ma miƙo mini madubi ta ce in riƙe wa wata mata da ke gwada malafa, tunda tsaye nake ba aikin komai.

Haka na tsaya riƙe da madubi, da digirina da komai, 'yan jirgi suna ta ficewa daga kasuwa. Da na rasa yadda zan yi sai na zauna a 'yar kujerar nan na zuba mata ido. Tana taya mai saye zaɓe, tana dafe ƙirji in an yi mata tayin banza, tana kiran masu wucewa. Fuskarta ta cika, muryarta ta dawo. Rabon da in ga wannan matar tun ina zuwa rumfa bayan an tashi makaranta. Ashe na yi kewarta, alhali kullum tana gidana.

Jirgi ya sake yin hon, sai ga Mis Dora tana haki, takalmi a hannu. Da ta ga Mama sai ta dafe baki, ta ce ita sam ta manta 'yar jirgi ce. Mama ba ta bar ta ta ƙarasa ba, ta tambayi yarinya. Hannu ne ya karye, an yi ɗori, tana gida. Mama ta ce an gode Allah. Sannan ta kwance bakin zanenta ta juye mata cinikin a tafin hannu, ta bi gurabun da kaya suka tashi tana nuna mata ɗaya bayan ɗaya, ta ciro wayar daga kwando ta ɗora a kai. Mis Dora ta rungume ta tana hawaye. Ta zaɓo malafa mafi kyau ta kifa mata a kan ɗankwali, ta naɗe igiyar da suka saƙa tare ta cusa mata a jaka.

Na ce Mama mu yi gudu. Ta ce ita ba ta yi sata ba. Allah ya taimake mu wani ma'aikacin tashar ya ɗauke mu a 'yar motarsa mai batir. Muna isowa na ga mutane cike da barandar jirgi suna tafi suna fito, ga Baban Murna ya jiƙe sharkaf da gumi, ƙafa ɗaya a kan gadar shiga, yana ba wani jami'i labarin da shi kansa bai san ƙarshensa ba. Ni kunya kamar in nutse. Mama kuwa ta ɗaga musu hannu kamar matar gwamna, ta tsaya ta gaida jami'in, ta tambayi iyali. Muna shiga aka janye gadar.

Kafin rana ta faɗi muka zauna ni da ita a saman jirgi, garin yana ƙanƙancewa a bayanmu. Na ce, "Mama, yau kin kusa kashe ni."

Ta yi dariya irin wadda ake ji a mahauta. Sannan ta shiga juya malafar a hannunta. Ta ce, "Matar nan yini ɗaya bai cika ba da ta bar mini rumfa, kin ga yadda ta dawo da gudu ba takalmi. Ni da zan taho na ce wa Hajiya Mairo ta duba mini, wata shida zan yi. Shekara uku ke nan tana buɗe rumfata da safe ta rufe da yamma, ga tata, ga ciwon gwiwa. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, ba kuma za ta ce ba. Ba za ta miƙa wa kowa ba sai ni."

Na san Hajiya Mairo ce ke riƙe da rumfar, ina ma aika mata gaisuwa. Ban dai taɓa tunanin tana zaune ne yadda Mama ta zauna yau ba, tana duban hanya. Sai na riƙe hannunta.

A Baltimore aka mayar mana da dutsen gugarmu. Sati na zagayowa na saya wa Mama tikitin Abuja, na haɗa mata maganin wata da watanni, na samo wata abokiyar karatuna a Kafanchan da za ta riƙa auna ta. Zancen kati kuwa na bar wa Allah. Malafar Mis Dora tana can a kan Hajiya Mairo, an turo mini hotonsu su biyu a bakin rumfa.

A filin jirgi na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Mama ta share mini fuska da gefen gyalenta ta ce, "Ke dai ki duba mini ɗakina. Ina zuwa."

Shekaranjiya Baban Murna ya ce tunda ɗakin ba kowa, bari ya sa injin motsa jikinsa a ciki. Na ce masa ba shi aka bar wa ba.